Tantance Maƙala Amana Ce, Ba Kara Ba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wani aiki a jami'a wanda ba a yi masa biki, ba a sa wa mai yinsa hula da alkyabba, ba a ko buga sunansa a takarda, amma in ya lalace duk abin da muke taƙama da shi na ilmi ya lalace tare da shi. Wannan aiki shi ne tantance maƙala kafin mujallar ilmi ta buga ta. Mu da muke zaune a ɗakin karatu muna kwafo daga mujallu don rubuta kundin kammala digiri, da wuya mu tsaya mu tambayi kanmu wane ne ya duba wannan magana kafin ta iso hannunmu, kuma da wace irin zuciya ya duba ta. Ra'ayinmu shi ne, mai tantancewa shaida ne, kuma wakili ne na mutanen da ba za su taɓa karanta mujallar ba, amma su ne za su ɗanɗana kuɗar abin da ke cikinta. Duk wanda ya mai da wannan aiki kara ko ramuwar gayya, to, ya ci amanar waɗannan bayin Allah.

Bari mu fara bayyana yadda abin yake tafiya, domin ƙannenmu 'yan shekarar farko. In malami ya gama bincike ya rubuta maƙala, sai ya aika wa editan mujalla. Edita ba ya iya sanin kowane fanni, saboda haka sai ya miƙa ta ga masana biyu ko uku waɗanda suka ƙware a wannan fage, sau da yawa bayan ya cire sunan marubucin, su ma kuma a ɓoye nasu sunan. Kowannensu zai karanta, ya auna hujja, ya duba lissafi, ya ga ko an faɗi sabon abu ko kuwa tsohon zance ne aka sauya wa riga. Daga nan ya rubuto hukuncinsa: a buga, ko a yi ɗan gyara, ko a sake aikin daga tushe, ko a mayar wa mai shi. Galibi ba a biyan ko sisi a kan wannan wahala. Haka mujallun da muka sani suke tafiya a ƙa'ida, irin su Harsunan Nijeriya da Kano Studies na Jami'ar Bayero, da Savanna wadda ta yi tashe a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Wasu suna ɗauka wannan tsari daɗaɗɗe ne a Turai, alhali kuwa ba haka ba ne. Ƙungiyar masana ta Landan, watau Royal Society, ta fara buga mujallarta tun 1665, amma sai wajen 1832 ta soma neman rubutaccen rahoto daga masu duba maƙala. Mujallar Nature, da duk sunan da ta yi, sai a 1973 ta wajabta aika kowace maƙala ga masu tantancewa na waje. Mu kuwa da muka tashi a zauren karatu mun san cewa malaman hadisi sun daɗe da kafa fanni sukutum na jarahu da ta'adili, inda ake ɗaukar mai ruwaya a auna gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa, ba a duba girman rawaninsa ko yawan almajiransa. A nan ƙasar Hausa ma, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya saɓa wa malaminsa, Malam Jibrilu Ɗan Umaru, a kan mas'alar kafirta mai aikata manyan zunubai, ya kuma rubuta saɓanin nasa, ba tare da ya rage ko ƙwayar zarra daga girmamawar da yake yi masa ba. Ashe ke nan gyara wa na gaba cikin ladabi gādonmu ne, ba baƙon abu ba ne da jirgi ya kawo mana.

To, me ya haɗa wannan zance da manomin Badafi a ƙasar Kiru, ko masuncin Tiga, ko mai sussukar shinkafa a Tudun Wada? Abin da ya haɗa su shi ne, yankin nan na kudancin Kano ya daɗe da zama gonar masu bincike. A ƙasar Bebeji aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana ɗaukar ruwa kusan mita biliyan 2 a ma'aunin murabba'in zurfi. Daga gare ta ake shayar da filayen noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure. A Doguwa akwai dajin Falgore, da duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza tun zamanin Turawa. Masana ƙasa da na noma da na lafiya da na tattalin arziki, 'yan gida da baƙi, duk sun bi ta nan da littattafansu na rubutu. Abin da suka rubuta shi ke komawa ofis ya zama manufa, manufa ta zama kasafin kuɗi, kasafin kuɗi ya dawo ƙauye a matsayin irin shuka, ko magudanar ruwa, ko kuwa umurnin a tashi daga gona.

Labarin Tiga kaɗai ya isa wa'azi. Babu mai musun alherin da ta kawo: tumatir da alkama da shinkafa a tsakiyar rani, da ruwan sha ga birnin Kano. Amma ruwan da aka tare a sama, shi ne ruwan da a dā yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban manoma da masunta da makiyaya suke dogaro da ambaliyar kowace damina. Sai a farkon shekarun 1990 wasu masana, cikinsu har da Edward Barbier da William Adams, suka zauna suka kwatanta amfanin da ake samu daga ruwan in an bar shi ya sauka fadama da wanda ake samu in an karkatar da shi zuwa manyan filayen ban-ruwa. A 1998 Barbier da Julian Thompson suka buga sakamakon irin wannan lissafi a mujallar Ambio, suna nuna cewa ribar da ake ci a sama ba ta cike asarar da ake yi a ƙasa. Ko mutum ya yarda da su ko bai yarda ba, tambayar da suka yi tambaya ce ta mai tantancewa: ina lissafin mutanen da ke gangaren kogi? An yi ta ne a fili bayan an shekara kusan 20 da zuba kankare. Rahoton da gwamnati ta ɗauki hayar kamfani ya rubuta mata ba ya bin ta hannun alƙalai masu zaman kansu yadda maƙalar mujalla take bi, kuma duk wanda ya biya makaɗi shi ke zaɓen taken da za a kaɗa masa. Mutanen Bebeji kuwa, da suka ga ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988, ba sa bukatar a gaya musu cewa lissafin da aka yi a takarda yana iya zuwa har cikin ɗaki da tsakar dare.

Yanzu mu ɗauka, a misali kawai, an kawo wa wani malami maƙala mai cewa wani sabon irin masara ya ninka amfanin gona a Badafi. Turancinta ya tsaru, jadawalinta ya yi kyau, an jero sunayen manyan littattafai a ƙarshenta. Malalacin alƙali zai gyara waƙafi biyu ya ce a buga. Amma wanda ya san ƙasar zai yi tambaya. Wa ya zaɓo manoman da aka yi hira da su? In mai unguwa ne ko malamin gona, to, ai waɗanda suke da hali da masu gonakin bakin hanya za a kawo, ba talakan da ke can bayan rafi ba. Da me aka auna amfanin, da buhu ko da tiya ko da dami? Buhun Kwanar Ɗangora da na wata kasuwa ba lalle su zo ɗaya ba. An auna faɗin gonar da igiya, ko kuwa an tambayi mai ita ne ya ce eka biyu ce? Damina nawa aka bi? Shekara guda mai albarkar ruwa ba ta zama hujja. Da wane harshe aka rubuta tambayoyin, kuma wa ya fassara su a tsaye a ƙofar gida? An ji ta bakin matan da ke cikin gida, waɗanda su ne ke surfe da niƙa da sayarwa, su kuma suka san ko sabuwar masarar tana yin tuwo? Sa'an nan wane manomi ne zai faɗa wa baƙo mai biro ainihin abin da ke rumbunsa, alhali bai sani ba ko haraji ake shiryawa ko tallafi? Waɗannan tambayoyi ba a koyonsu a Landan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba a yi su ba, maƙalar za ta fita, wani jami'i ya kafa hujja da ita, a sayo irin da kuɗin jama'a, manomi ya ci bashi ya shuka. In abin ya ƙi, marubuci ya riga ya sami ƙarin girmansa, edita ya cika mujallarsa, mai gona kaɗai za a bari da jangwam.

Cututtuka uku muke gani suna cin wannan aiki a jami'o'inmu. Ta farko ita ce kara. Mun taso cikin tarbiyyar kunya, ba ma son mu ce wa babba ya yi kuskure, kuma fanninmu ƙanƙane ne, ko an cire suna kowa ya san rubutun wane ne. Saboda haka sai tantancewa ta koma taƙarizi, irin yabon nan da malami yake rubuta wa littafin abokinsa a shafin farko. Taƙarizi yana da muhallinsa, amma ba shi edita ya nema ba. Kara tana da kyau a rabon nama, ba ta da kyau a gaban alƙali. Wanda ya sa hannu a kan abin da ya san ba daidai ba ne, ko wanda bai karanta ba, shaidar zur ya bayar, kuma ba sai mun tuna wa kowa matsayin shaidar zur a addini ba.

Ta biyu kishiyar ta farko ce, watau hassada da ramuwa. Wani in ya sami maƙalar abokin hamayyarsa, sai ya ɓuya a bayan labulen rashin suna ya yi ta sara, ko ya danne ta a aljihun tebur wata shida har lokacin ƙarin girma ya wuce. Wani kuma sai ya tilasta wa marubuci ya ambaci rubuce-rubucensa ko da ba su da alaƙa da batun. Mafi muni shi ne wanda zai ce a yar da maƙala, bayan shekara guda a ga tunanin da ke cikinta ya fito da sunansa. An sakaya sunan mai tantancewa ne don ya sami ƙarfin halin faɗin gaskiya ga wanda ya fi shi, ba don ya sami duhun da zai yi jifa ba.

Ta uku ita ce kasuwanci. Tun da aka mai da yawan maƙaloli ma'aunin ƙarin girma, sai aka sami mujallun intanet waɗanda ba su da aiki sai karɓar kuɗi, yau ka aika, jibi ka ga an buga. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙaga maƙalar bogi a kan maganin sankara, ya cika ta da kurakuran da ɗalibin aji biyu zai gano, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓe ta. Abin da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai shi ne, sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙira don wannan tarko masu kama da na Afirka ne. Duk lokacin da malaminmu ya sayi shafi a irin wannan mujalla, ba kansa kaɗai ya zubar wa daraja ba, har da takardar digirin da za mu fita da ita.

Za a ce mana, ai tantancewar ma ba ta hana ɓarna. Gaskiya ne. Mujallar likitoci ta The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield a 1998, wadda ta dogara da yara 12 kacal ta jefa shakku a kan allurar rigakafin ƙyanda, kuma ba a janye ta ba sai a 2010, bayan iyaye da yawa a Ingila sun ƙaurace wa allurar. Mu a Kano, da muka ga an dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004 saboda wasu shakku na daban, mun san yadda amana take da wuyar dawowa in ta tafi. Amma don ɓarawo ya taɓa haura katanga ba a cewa a rushe ta, sai dai a ƙara mata tsawo. Ga kuma ɗaya gefen. A 1936 Albert Einstein da abokin aikinsa Nathan Rosen suka aika wa mujallar Physical Review maƙala suna cewa babu wasu igiyoyi da ƙarfin jan nauyi ke haifarwa a sararin samaniya. Mai tantancewa ya nuna akwai kuskure. Einstein ya fusata ya janye maƙalar, amma kafin ta fito a wata mujalla a 1937 sai da ya sauya matsayinsa, domin mai gyaran, wanda daga baya aka gane Howard Robertson ne, shi ke da gaskiya. A 2015 aka gano igiyoyin nan da na'ura. In har Einstein yana bukatar mai duba masa aiki, wane ne a cikinmu ya fi ƙarfin gyara? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Za a kuma ce malamanmu sun gaji. Mutum guda yana koyar da ɗaruruwan ɗalibai, yana duba kundaye, albashi ba ya kai wata, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata 8. Ina zai sami daren da zai ba maƙalar wani kyauta? Wannan uzuri muna jin nauyinsa, kuma ba mu raina shi ba. Sai dai uzuri ne na ƙin karɓar aikin, ba uzurin karɓa a yi algus ba ne. Wanda ba shi da lokaci, ko batun ba fanninsa ba ne, ko marubucin ɗalibinsa ne ko surukinsa ko abokin gabarsa, mutuncinsa shi ne ya mayar wa edita a cikin mako guda ya ce a nemi wani. Wannan ma gaskiya ce, kuma ba ta cin kuɗi.

Saboda haka muna kira da abubuwa biyar. Na ɗaya, hukumomin jami'a su riƙa lissafa aikin tantancewa a cikin makin ƙarin girma, edita ya ba da takardar shaida ga wanda ya yi shi da kyau a kan lokaci. Na biyu, kwamitin ƙarin girma ya daina ƙirga maƙaloli kamar mai ƙirga goro, ya ce wa malami ya kawo uku ko huɗu da ya fi alfahari da su, a karanta su da gaske. Na uku, daga kuɗin da asusun TETFund yake bayarwa don tallafa wa mujallun jami'o'i, a ware wani kaso na ladan masu tantancewa da horar da su. Na huɗu, duk maƙalar da ta shafi wata al'umma, a tabbatar ɗaya daga cikin alƙalanta ya san ƙasar kuma yana jin harshenta. Na biyar, a koya wa ɗaliban babban digiri wannan sana'a a aji, a ba su maƙala su rubuta rahoto, malami ya duba rahoton, domin ba a haihuwar mutum da iya alƙalanci. Muna kuma ganin ya dace a riƙa taƙaita sakamakon binciken da Hausa a mayar wa mutanen da aka yi shi a kansu. In aka karanta wa dattawan Badafi abin da aka rubuta game da gonakinsu, za a sha mamakin irin gyaran da zai fito daga bakin mutumin da bai taɓa shiga aji ba.

Ga yayyenmu da suka fara aiki a ma'aikatu da sakatariyar ƙananan hukumomi, kada ku ce wannan zancen malaman jami'a ne. Duk fayil ɗin da aka ajiye a teburinku don ku yi sharhi, duk rahoton ɗan kwangila da aka ce ku duba kafin a biya, duk ƙiyasin rijiya ko asibiti ko hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, maƙala ce, ku ne kuma alƙalanta. Layi biyu da za ku rubuta da jan biro, ko ku ƙi rubutawa don gudun ɓacin ran maigida, su ne bambanci tsakanin kwalbatin da zai shekara 30 da wanda ruwan farko zai tafi da shi.

Mu ɗalibai kuma kada mu jira sai mun zama farfesoshi. Abokinka ya ba ka babin kundinsa ka duba, kada ka ce masa ya yi kyau alhali ba ka wuce shafi na biyu ba. Karanta, ka fara da faɗin abin da ya yi daidai, sa'an nan ka nuna masa inda hujja ta yi rauni da yadda zai ƙarfafa ta, ka soki rubutun ka bar mutumin. In kai aka gyara wa, ka haɗiye zafin ka yi godiya, domin gara abokinka ya gani a ɗaki da a ce mai jarrabawa na waje ya gani a bainar jama'a. Ita ma wannan mujalla ta ƙungiyarmu ya kamata ta zama abin misali, ta kafa kwamitin da zai duba kowane rubutu ba tare da sanin sunan mai shi ba, ko da na shugaban ƙungiya ne.

Kuɗin talakawa ne ya gina waɗannan ajujuwa, guminsu ne ya sayi littattafan da muke karantawa. Ba su nemi mu biya su ba. Abin da kawai suke da hakki a kanmu shi ne, in an rubuta magana a kansu, ko an shirya wani abu da sunansu, a sami mutum guda a cikin ɗakin da zai karanta da idon basira, ya ce wannan daidai ne, wannan kuwa da sauran gyara, ko da wa ya rubuta. Allah ya sa mu zama irin waɗannan mutane, ya ba mu ikon faɗin gaskiya da ladabi, da juriyar karɓarta in an faɗa mana, amin.